Gudun Ikko ko na Ƙofar Dagaci?

Ranar Juma'a da la'asar, kasuwar Wudil ta fara watsewa. Ɗan Fulani ya sayar da bijiminsa, ya zo teburin mai shayi ya jingine sanda. Bakano na gefe, idonsa na kan aljihun da ya kumbura.

Ɗan Fulani: Kaɗo, gudu zan shiga. Wanne ya fi, na Ikko ko wanda samarin garinmu suka shirya bayan Sallah?

Bakano: Kai Agwai, ka san gudun fanfalaki kuwa? Kilomita 42 ne da ɗoriya. Kamar ka tashi daga nan sai birnin Kano.

Ɗan Fulani: Da shanu ko ba shanu?

Bakano: Ba shanu.

Ɗan Fulani: Aradu wannan hutu ne.

Bakano: Tsaya ka ji. Na Ikko, wato Legas, tun 2016 ake yin sa, galibi a watan Fabrairu. A shekarun baya daga filin wasa na Surulere ake tashi, a hau doguwar gadar nan ta kan ruwa. Dala ake ba na ɗaya, amma 'yan Kenya da Habasha ke kwashewa. Awa biyu da 'yan mintuna sun gama, kai ko fura ba a dama maka ba.

Ɗan Fulani: Wa ke korar su?

Bakano: Ba kowa. Dalar ce a gaba. Kuma da wannan takalmin robar naka za ka bi su?

Mai shayi ya ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi, ya sa baki.

Mai shayi: Ai wani Bahabashe, Abebe Bikila, ba takalmi ya ci gasar Olamfik a birnin Rum, 1960.

Ɗan Fulani: Wannan Bafulatani ne, ba a dai bincika ba.

Bakano: Ni dai shawarata, shiga na gida. Ba kuɗin mota, ba na masauki. Ku tara ne kacal, biyu ma masu tumbi. Na ɗaya buhun taki, na biyu rediyo, na uku sandar sabulu. Ko da rarrafe ka samu sabulu.

Ɗan Fulani: Da wace riga ake yi?

Bakano: Wace riga? Singileti da gajeren wando.

Ɗan Fulani: Gajere kamar yaya?

Bakano ya nuna saman gwiwa.

Ɗan Fulani: Subhanallahi. A ina ake ƙarewa?

Bakano: Ƙofar gidan dagaci. Dattawa duk suna kan tabarma.

Ɗan Fulani: Har Baffan Jummai?

Mai shayi: Surukinka? Ai shi zai miƙa takin.

Ɗan Fulani ya yi shiru, ya daɗe yana juya cokali a kofin da babu komai.

Ɗan Fulani: A Ikko mutum nawa ke gudun?

Bakano: Dubbai. Ko na ƙarshe ka zo, ba wanda ya san ɗan wa ne kai.

Ɗan Fulani: Nawa ne kuɗin motar Ikko?

Bakano: Madalla! Kawo kuɗin bijimin in riƙe maka, nauyi za su yi maka a kan gada.