Yadda Na Kwantar Da Kawu Sau Uku

Shekara huɗu ke nan ina aikin tallan takin zamani da maganin feshi da irin shuka a ƙarƙashin wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba, domin har gobe daga gare shi nake cin tuwo. A rubuce, wurin aikina Birnin Kebbi ne, har ma akwai wata kujera a ofis da ake cewa tawa ce, sai dai masinja ya fi ni sanin ɗuminta. A zahiri kuwa ofishina shi ne kujerar gaba ta motar haya, wadda ake cusa mu mutum biyu a kanta, gwiwata tana kokawa da giyar direba. Jihar Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21, kuma babu wadda sauronta bai ɗanɗana jinina ba. Ranar Litinin ina fadamun Argungu da Augie wajen manoman shinkafa, Talata ina Aliero wajen masu albasa, Laraba in ratsa Jega da Koko in gangara Yawuri, kafin Juma'a kuma an bugo waya an ce dilanmu na Zuru yana ƙorafi. Akwai ranar da ƙaramin ɗana ya gan ni na shigo gida da jaka a kafaɗa, ya ruga ya gaya wa mahaifiyarsa cewa baƙon nan ya sake dawowa.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, alhali kuɗin hanyar da kamfani ke ba mu yana nan inda aka haife shi, na ƙudurta a raina cewa sai na nemi aikin da ake zama a inuwa, ƙarƙashin fanka, a tashi ƙarfe huɗu a koma gida. Aika takardar neman aiki bai taɓa ba ni wahala ba, domin a cikin mota nake yin sa da waya, tsakanin wannan rami da wancan. Abin da ya gagare ni shi ne intabiyu. Masu ɗaukar aiki suna rubuta cewa mai ƙwarewa suke so, wanda ya daɗe yana aiki, amma idan sun tashi kira sai su ba da wa'adin kwana biyu, kamar sun tabbata mutumin yana zaune a kan benci a ƙofar gida yana jiran su.

Kiran farko ma ban san an yi shi ba. Ina can cikin fadamar Suru, a wani ƙauye da ba a samun sabis sai an hau kan wani suri da ke bayan gari, na yi kwana uku ina nuna wa manoma yadda ake auna maganin feshi. Da na fito kan kwalta a Dakin Gari ranar Laraba da yamma, sai saƙonni suka shiga shigowa a jere. Na farko yana gayyata ta intabiyu ranar Talata da ƙarfe goma na safe. Na biyu yana godiya ga duk waɗanda suka halarta.

Da kira na biyu ya zo aka ce ta Zoom za a yi, wato hira ta bidiyo a waya, sai na ce kakata ta yanke saƙa, tun da ba sai na je ko'ina ba. Ranar ta faɗo ina Kamba, don haka tun da asuba na roƙi dilanmu ya ara mini ɗakin ajiyarsa, na jera buhunan taki a bayana na lulluɓe su da farin zani domin su yi kama da bango. Na sa kwat da laktayen da na aro wurin ƙanen matata, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa wandon shadda ne da silifas, domin na lissafa cewa kyamara ba za ta sauka can ba. Abin da ban lissafa ba shi ne cewa Kamba a bakin iyaka take, garin Gaya na Jamhuriyar Nijar yana can tsallake ba nisa, kuma waya ba ta san fasfo ba, duk turken sabis ɗin da ya fi ƙarfi shi take bi.

Mutum uku ne suka bayyana a fuskar wayar, wata Hajiya mai tabarau ce shugabarsu. Tambayoyin farko na amsa su yadda ko ni sai da na yaba wa kaina. Sai Hajiya ta gyara zama ta ce, "Malam, a ina kake ganin kanka nan da shekara biyar?" Na buɗe baki ke nan sai hotonta ya daskare, bakinta a buɗe, sannan wani saƙo ya faɗo cikin Faransanci, wanda dilanmu ya fassara mini daga baya cewa barka da zuwa Nijar ake yi mini. Wato ita tana tambayar shekara biyar, wayata kuwa ta riga ta fitar da ni ƙasar waje cikin daƙiƙa biyar.

Na fito a guje da kwat a cikin zafin watan Maris, waya a sama kamar mai neman jinjirin wata, ina zagaya kasuwa yara suna bi na. Sai da na hau kan wata amalanke da aka jingine kusa da masu sayar da gero sannan sabis ɗin gida ya dawo. Na ba da haƙuri, na riƙe wayar daf da fuskata domin kada a ga inda nake, aka ci gaba. Ɗaya daga cikinsu ya nemi in faɗi abin da na fi alfahari da shi a aikina, na ce ai shi ne yadda manoma suka amince da ni, domin ban taɓa sayar wa mutum kaya ya dawo da kuka ba. Ban rufe baki ba sai ga wani dattijo ya dafa amalanken, ya ɗaga murya yadda duk kasuwa za ta ji, ya ce, "Yawwa, kai nake nema! Maganin nan da ka ba ni, tsutsa ta sha ta ƙara ƙiba!" Na yi ƙoƙarin toshe wayar da tafin hannu, ta suɓuce ta karkata, kwamitin ya ga wandon shadda da silifas da jakin da ke ɗaure a gefe. Hajiya ta cire tabarau ta goge, ta ce za su neme ni. Ina kyautata zaton har yanzu neman suke yi.

Daga nan na yanke shawarar cewa intabiyun ido da ido kawai zan ƙara yi. Allah da ikonsa, sai wata ma'aikata a Sakkwato ta kira ni. Matsalar ita ce lokacin noman rani ne, injinan ban ruwa suna ta ruri a kowace fadama, kuma a irin wannan lokaci manajanmu ya fi yarda ya ba mutum aron motarsa da ya ba shi hutun yini ɗaya. Mutumin kirki ne, amma ba a zuwa gabansa a ce, "Yallaɓai, ba ni izini in je neman inda zan gudu in bar ka." Dole sai da dalili, kuma a ofishinmu dalili iri biyu ne kawai ke karɓuwa, rasuwa da rashin lafiya. Ina da abokin aikin da ya binne kakarsa sau biyu a shekara ɗaya. Ni dai ina da ɗan tsoron Allah daidai gwargwado, don haka ban kashe kowa ba, kwantarwa kawai na yi.

Wanda na zaɓa shi ne Kawu, wan mahaifiyata, da ke wani ƙauye a yankin Kalgo. Ya haura shekara saba'in, amma har yau shi ke ɗora wa samari buhun shinkafa a ka, kuma rabonsa da asibiti tun ranar da ya raka wani. Na zaɓe shi ne saboda na ga jikinsa zai iya ɗaukar ƙarya ba tare da ta zama gaskiya ba.

Karo na farko na ce hawan jini ne ya kayar da shi. Manaja ya yi salati, ya ba ni yini guda. Na isa Sakkwato tun da hantsi, na tarar da mutane sun fi ɗari suna jiran gurbi uku, muka zauna har azahar, sannan wani ya leƙo ya ce an ɗaga, domin shugaban kwamitin ya yi tafiyar aiki zuwa Abuja. Na ji haushi, amma na ɗan ji tausayinsa, tun da ciwonmu ɗaya. Karo na biyu na ƙara wa Kawu ciwon suga, na je na rubuta jarrabawa, aka ce waɗanda suka ci za su dawo. Da na ga sunana a cikinsu sai murna ta haɗu da tashin hankali, domin cututtukan da na sani sun kusa ƙarewa. A ƙarshe na ce Kawu ya faɗo daga kan amalanke ya karye a ƙafa, zan kai shi wurin masu ɗori na Aliero, waɗanda kowa a ƙasar nan ya san sunansu a wannan sana'a. Manaja ya daɗe yana kallo na, sannan ya ce, "Wannan bawan Allah yana ganin jarrabawa." Na ce ƙwarai kuwa, Yallaɓai, ban dai faɗa masa ko wane ne ke rubuta ta ba.

Ranar, motar da na shiga ta mutu bayan mun wuce Argungu kaɗan, na ƙarasa a bayan wata a-kori-kura mai ɗauke da kwandunan bandar kifi, na shiga gaban kwamiti ina ƙamshin da ya sa ɗaya daga cikinsu ya tashi ya buɗe taga. Duk da haka hira ta yi daɗi, har aka zo kan dalilin da ya sa nake son barin aikina. Na ce yawon ne ya ishe ni, ina son in zauna wuri ɗaya in san 'ya'yana su san ni. Suka dubi juna. Shugaban, wanda ya dawo daga Abuja, ya yi gyaran murya ya ce abin da ya ja hankalinsu a takarduna shi ne sanin hanya, domin mai wannan gurbi zai riƙa zagaya Sakkwato da Kebbi da Zamfara, kuma akwai babur.

Na fito jiki a sanyaye na kunna waya, sai na ga matata ta kira sau goma sha ɗaya. Ashe manaja ya ga cewa ciwo uku a wata biyu ya wuce a yi jaje ta baki, ya ɗauki abokan aikina biyu a motarsa, suka sayi lemo da ayaba da gwangwanayen madara, suka tambayi matata kwatancen ƙauyen Kawu, suka tafi dubiya.

Sauran labarin daga bakin Kawu na ji shi. A fadama suka same shi, ya taka injin ban ruwa da ƙafa ɗaya yana fizgar igiya. Manaja ya durƙusa ya ce, "Baba, ya jiki? Ya ƙafar?" Kawu ya yi fatauci shekara da shekaru kafin ya zauna noma, don haka da ya dubi baƙin, ya dubi ledar lemo, ya ji sun ambaci sunana, sai ya saki igiya ya dafa ƙugu ya ce da sauƙi. Manaja ya yi mamakin karayar da aka ɗora da safe har mai ita ya fito gona da la'asar, Kawu ya ce ai mutanen Aliero ba wasa ba ne. Ya ɗingisa ya ja su zuwa gida, sai dai abokin aikina ya rantse mini cewa da ƙafar hagu ya fara, da ta dama ya ƙarasa.

A gida ne abin ya ɓaci. Aka kawo shayi, Kawu ya kai hannu ga gwangwanin suga, manaja ya riƙe hannun ya ce haba Baba, da wannan ciwo? Ya sa aka kira Inna, matar Kawu, ta tsaya daga bayan ƙofa, ya yi mata dogon bayani cewa mai hawan jini da ciwon suga ba ya shan zaƙi, ba a sa masa gishiri da yawa a miya, goro ma a rage. Inna kuwa da ta ji magana daga bakin babban mutum mai mota, ta riƙe ta gam, har ta ƙara da nata, ta ɗauke gishirin gaba ɗaya. Madarar ma jikoki aka raba wa.

Da na je ranar Asabar, Kawu bai amsa gaisuwata ba sai da na maimaita sau uku. Ya ce, "Kai wanga yaro, kwana biyar ina cin tuwo da miyar da ko akuya ba ta sha. Mi na yi maka?" Na ce, "Kawu, ka yi mini rai, neman aiki ne ya ja." Ya tambaya ko na samu, na ce an ba ni babur na ƙi. Ya yi shiru, sannan ya yanke hukunci cewa ladan ɗingishi buhun takin yuriya ɗaya ne, na rashin gishiri kuma buhun takin kamfa ɗaya, kuma ni zan je in warware wa Inna maganar da bakina. Ya ƙara da sharaɗi cewa nan gaba in sanar da shi ciwon tun da wuri domin ya shirya, kuma in zaɓo irin wanda likita ke cewa a ci nama.

Ranar Litinin manaja ya kira ni ofis, ya ce ya ji daɗin ganin Baba ya samu sauƙi. Har na kai ƙofa sai ya ƙara da cewa, idan ciwon ya sake tashi kuma na ga sai an dangana da Sakkwato, in biya wurin dilanmu na can in karɓo masa kuɗin kaya, kada a yi asarar kuɗin mota. Na ce to, Yallaɓai, ban waiwaya ba.

Shekaranjiya ina cikin mota tsakanin Koko da Yawuri sai ga kiran Kawu. Bayan gaisuwa ya ce damina ta ƙarato, taki ya yi tsada, kuma shi tun jiya yake jin kamar zazzaɓi na nan tafe, ko babu wata ma'aikata da ta kira ni ne?