Wa Zai Kama Gefen Tabarmar?

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu.

Wata 8 ke nan muna jinyar yayata, sankarar mama ce. Da yardarta nake wannan rubutu, ita ce ma ta matsa mini. Ta ce, "Auta, ki rubuta, ko wata ta ji ta tafi asibiti da wuri."

Ta ji ƙullutu a mamanta na hagu, ba ya ciwo, sai ta yi shiru har wata 5. Da ta faɗa wa wata maƙwabciya, sai aka ja mata kunne cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi zai fantsama. Aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙen saiwa. Kafin mu je a ɗebi tsokar wurin a kai ɗakin gwaji, abin ya riga ya kai hammata. Wannan magana ta allura ta kai mata da yawa kabari, ku daina yaɗa ta don Allah.

Likita ya rubuta kemo, wato magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin sankara, sau 6, duk bayan mako 3, sannan tiyata, sannan gashi, wato gasa wurin ciwon da hasken inji. Mako 2 da 'yan kwanaki bayan na farko, ranar wata Asabar da dare, ina tsefe mata kai don sujadar Lahadi, sai na ga gashi yana biyo mataji dam-dam. Na yi maza na dunƙule shi na cusa a ƙugun zanena. Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Ba sai kin ɓoye ba, tun shekaranjiya nake tsintar shi a kan matashi." Muka yi shiru. Can ta ce, "Auta, ni fa na kasa addu'a. In na buɗe baki babu abin da yake fitowa."

Matar da ta yi shekara da shekaru tana ba da waƙa a zumuntar mata ke nan, wadda take tashin gidansu addu'ar asuba ko ana sanyin hunturu. Ban sami abin ce mata ba.

Da safe na buɗe Markus sura 2. Kun san labarin. Yesu yana cikin wani gida a Kafarnahum, taro ya cika har bakin ƙofa, mutum 4 suka ɗauko wani shanyayye, suka rasa hanya, suka hau soro suka buɗe rufin suka zura shi da shimfiɗarsa. Na sha karanta wurin tun muna makarantar Lahadi, amma ranar ce idona ya tsaya a aya ta 5: "Da Yesu ya ga bangaskiyarsu." Tasu, har da ta masu ɗaukar. Ba a rubuta mana ko kalma ɗaya da shanyayyen ya furta ba. Bangaskiyar da Ubangiji ya gani a ranar, a kafaɗa take da tafin hannu, da gumin hawa soro da ƙaton mutum. Na koma na ce mata, "Yaya, ki kwanta abinki. Addu'ar mu za mu yi, ke dai ki riƙa cewa amin, in ma kin kasa ki ce a zuci."

To, masu zuwa dubiya, ga nasihata, kuma da kaina na fara domin ni ma na yi wa wasu haka a baya.

Akwai wanda ya zauna a gefen gadon yayata ya ce ta bincika zuciyarta ko akwai zunubin da ba ta furta ba. Wata ta ce jifa ne daga dangin miji, har da kama suna. Wani kuma, da Littafi Mai Tsarki a hannu, ya ce ci gaba da kemo alamar shakka ce, ta watsar ta yi azumin kwana 7. Mace da bakinta ya yi gyambo, ruwa ma ɗanɗanon ƙarfe yake yi mata, ita za ta yi azumi! Bayan tafiyarsa ta kwana kuka, tana tambayata ko ta saɓa wa Allah ne.

Abokan Ayuba sun zauna da shi a ƙasa kwana 7, dare da rana, babu wanda ya ce uffan, domin sun ga azabarsa ta yi yawa. Nan ne suka yi daidai. Da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masa, ƙarshenta Allah da kansa ya ce ya husata da Elifaz da abokansa 2. Almajirai ma sun tambayi Yesu a kan wanda aka haifa makaho, ko zunubinsa ne ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Batun magani kuwa, Allah ya riga ya ce zai ƙara wa Hezekiya shekara 15, duk da haka Ishaya ya sa a kawo ɓaure a ɗora a kan marurun. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Dattawan ikkilisiyarmu sun zo sun shafa mata mai sun yi addu'a yadda Yakubu 5:14 ta ce, washegari muka kama hanyar asibiti, Baba Fasto ne ma ya kai mu tasha.

Wadda ba zan manta ba wata tsohuwa ce a zumunta, ko karatu ba ta iya ba. Duk Laraba sai ta zo da kunun gyaɗa a fulas, ta ce, "Sannu 'yata, yaya ƙarfin jiki?" Ba ta ƙara komai. Ta kwashe wanki, ta share tsakar gida, ta zauna tana matsa mata ƙafa har barci ya ɗauke ta. Ranar da take mura ba ta shigo ba, a ƙofa ta miƙa kunun ta juya, domin mun gaya mata kemo yana karya garkuwar jiki. Ku ma ku kiyaye wannan, kuma in mai shan kemo ya yi zazzaɓi, kada a tsaya ba shi farasitamol a gida, asibiti za a nufa ko tsakar dare ne.

"Muna addu'a" da ake turowa a WhatsApp muna godiya, tana ƙarfafa mu. Amma jininta ya yi ƙasa har aka ɗaga kemo na 4, matasan majami'a 3 ne suka je suka ba da jini. Injin gashi ba a kowane gari yake ba, sai manyan asibitoci irin na Zariya, Sakkwato da Abuja, kuma ana yin sa kullum ne Litinin zuwa Juma'a har makonni, ga kuɗin mota, ga masauki, ga yara a gida. Kada ka ce "in akwai abin da kuke bukata ku faɗa," kunya ba za ta bar su ba. Ka ce, "Ni zan riƙa kai yara makaranta," ko "Kuɗin motar wannan makon nawa ne."

Sai mai jinya, wanda ba a cika tambayar lafiyarsa ba. Mijin yayata ya sayar da babur ɗinsa da buhunan masarar da ya ajiye, bai gaya wa kowa ba. Wata rana wajen ƙarfe 2 na dare na fito neman ruwan zafi, na same shi a kan benci a barandar asibiti, ya kifa kai a gwiwa yana kuka ba sauti. Da ya gan ni ya goge fuska ya ce, "Kada ki gaya mata." Ko Ubangijinmu a Getsamani ya roƙi Bitrus da 'ya'yan Zabadi su zauna su yi tsaro tare da shi. Tun daga lokacin maza 2 daga zumuntar maza suke karɓarsa kwana duk ƙarshen mako, ya je gida ya runtsa.

An yi tiyatar, an gama gashin injin. Gashin kanta ya fara tsirowa, laushi kamar na jariri, har ƙaramar 'yarta tana shafawa tana dariya. Jiya da yamma na ji ta a madafa tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, na laɓe a bakin ƙofa ban shiga ba. Ranar Alhamis za mu koma karɓar sakamakon hoto, motar ƙarfe 6 za mu bi. Ku tuna da mu.