Tsohuwa na kwana ita kaɗai a dajin Kanada, mu kuwa gona ta gagare mu

Matar abokin aikina ce ta yi mini tambayar muna zaune a bakin wuta, kuma na san ba da wata manufa ta yi ba. Cewa ta yi, "Ku a ƙasarku ina kuke zuwa kwanan daji idan an samu hutu?" Na ce Yankari, da ƙarfin murya, har na ƙara mata da labarin giwaye da ruwan Wikki mai ɗumi. Ta ji daɗi, ta ce wata rana sai ta je. Na ce Allah ya nufa. Tun daga lokacin tambayar nan take cina, don ni da ku mun san rabin gaskiya na faɗa mata.

Wurin da muke shi ne gandun daji na Prince Albert a lardin Saskatchewan, tafiyar kusan awa biyu da rabi arewa da birnin Saskatoon inda nake zaune. An kafa shi a 1927, faɗinsa murabba'in kilomita 3,874, wato ya fi Yankari girma nesa ba kusa ba. Yana bakin wannan dajin arewa da ya ratsa Kanada tun daga gabas har yamma, ya rufe fiye da rabin ƙasar. Ba irin dajinmu ba ne da za ka hango kuka can, tsamiya can, ga fili a tsakani. Itatuwa ne dogaye sirara masu ganye kamar allura, a cushe, da wasu masu farin ɓawo a tsakaninsu. Ƙasa kuwa gansakuka ce mai laushi, ƙafa na nutsewa. Ko'ina ka juya tafki ne, ruwa garau mai sanyin da ko a tsakiyar Yuli sai ka yi shahada kafin ka shiga. Namu tafkin sunansa Waskesiu.

Abin da masu kwanan dajin ke zuwa da shi ana ce masa RV, gida ne sukutum a kan taya. Wani ana jan sa da babbar mota, wani kuma shi ne motar da kansa, tsawonsa ya kai na doguwar bas. A ciki akwai gado, da murhun gas, da firij, da bayan gida har da wurin wanka. A ƙarƙashinsa tankuna uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanke-wanke, da na ƙazanta. Wannan na ukun shi ya fi ba ni mamaki. Ranar tashi za ka ga manyan mutane, likita ne ko injiniya, sun bi layi a wurin da aka tanada, kowa ya sa safar hannu ya jona tiyo ya zubar da ƙazantar gidansa da kansa, ya wanke wurin, ya ba na baya. Babu yaron gida, babu "kai zo nan".

A zangon Red Deer da ke kusa da ɗan garin Waskesiu kowace mota tana da nata wurin jona wuta da ruwa da bututun ƙazanta. Mu can gaba muka wuce, zangon Narrows, inda tafkin ya tsuke kuma babu lantarki. Kowa da filinsa mai lamba, da tebur, da murhun ƙarfe. Tun cikin hunturu ake buɗe rajistar manyan zangunan a intanet, ana rububi, ƙanƙara na zuba mutum na kama wurin da zai kwana a watan Yuli. Da yamma idan hayaƙi ya tashi daga kowane fili, sai ka ce zangon fatake ne irin wanda kakanninmu ke ba da labari, sai dai su waɗannan ba goro suka ɗauko ba, kuma babu mai gadin dare.

Babu mai gadi, a nan zancen yake. A filin da ke kusa da namu wata tsohuwa ce, ta haura saba'in, ita kaɗai da ɗan karenta. Mijinta ya rasu, ita ta tuƙo motar da kanta. Da safe ta ɗauki sandarta ta shiga daji yawo, ta bar ƙofa a buɗe, keke a jingine, kwalekwale a bakin ruwa. Da malamin daji ya zo zagaye ya tsaya a filinta, na ɗauka faɗan ƙofa zai yi mata. Ashe akwatin abinci ne da ta bari a kan tebur. Dokarsu ita ce kada a bar komai mai ƙamshi a waje, ko man goge baki ne, saboda beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata. Idan beyar ta saba da abincin mutane ta daina tsoronsu, ƙarshenta sai an harbe ta. Wato dokar ma dabbar take karewa. Kwandunan shara na ƙarfe ne masu sakatar da sai hannun mutum ke iya buɗewa. Iyakar abin tsoro ke nan a dajin: beyar, da kyarkeci da ba kasafai ake gani ba, da manyan barewarsu masu faɗa idan suna da 'ya'ya. Sai sauro, wanda ya fi na Legas yawa da rashin kunya, amma ba ya sa maleriya.

Ni kuwa barci gagara ta ya yi. Dama rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi, kafin ka yi isha ka kwanta alfijir ya kusa, ga wani tsuntsun ruwa mai kuka kamar ana makoki, shi ne wanda hotonsa ke jikin dalarsu ta ƙarfe. Amma ba su suka hana ni ba. Kunnena ne ke neman ƙarar babur. Duk wanda ya fito daga yankinmu na yammacin Katsina ya san abin da nake nufi.

Na san abin da wasunku za su ce: wannan shagalin masu ƙoshi ne, mu da muka taso muna kwana a tsakar gida da bazara wa zai koya mana kwanan waje? Akwai gaskiya a ciki. Motocin nan tsada gare su, da yawa bashin banki ne. Kuma ganin tsohuwa ita kaɗai da kare, babu ɗa babu jika, ya sosa mini rai. A wurinmu abin kunya ne ga zuri'a. Su ma dajin nasu yana da nasa bala'in, gobarar 2023 kaɗai ta cinye wajen hekta miliyan 15 a faɗin Kanada. Sannan ƙasar ta 'yan asalin wurin ce, ƙabilar Kiri da sauransu, waɗanda kafa irin waɗannan gandaye ya takura wa farauta da kamun kifi. Duk na yarda. Amma ku gaya mini, cikin waɗannan wanne ne ya kai a ce mutum ba zai iya zuwa gonar ubansa ba?

Mu ma fa muna da dazuzzuka, kuma an taɓa kula da su. An keɓe Yankari tun 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962. Kamuku da ke Birnin Gwari gandun daji ne na ƙasa, a takarda matsayinsa ɗaya da wannan da nake ba ku labari. Sambisa ma asalinsa gandun namun daji ne. Yau wa zai ɗauki iyalinsa ya ce za su kwana a Kamuku? Wa zai kafa tanti a Rugu? A Nijar, a Kure inda ake zuwa kallon raƙuman dawa, an kashe mutum takwas a watan Agustan 2020. Yankarin da na yi tutiya da shi yana nan, ana zuwa, amma wanda ya taso daga Abuja ko Kaduna lissafin hanya yake yi kafin lissafin kuɗin ɗaki.

Ba na yarda da masu cewa Turawa sun fi mu hali. Akwai ɓarayi a Saskatoon, ana fasa motoci, ana sace kekuna. Bambancin shi ne dajin nan yana da mai shi. Hukumar gandayen Kanada tana nan tun 1911, kuma kullum a cikin dajin take: mai karɓar kuɗi a ƙofa, mai sayar da takardar izinin hura wuta da ta kamun kifi, mai zagaye ya duba akwatin abincin tsohuwa. Mu kuwa malamin daji da muka sani muna yara, wanda ake tsoron a sare ice a gabansa, ya ɓace, aka bar dajin ga wanda ya fi bindiga. Sai bayan an kwashe 'yan makaranta a turo jirgi.

Da na dawo inda waya ke kamawa na tura hotuna zauren gidanmu na WhatsApp. Ƙannena suka yi ta raha, wai na zama Bature. Yaya shi kaɗai ne ya kira. Ya ce, "Kai da yaran ka kai su cikin wannan dajin? Ka ji tsoron Allah." Na ce, "Yaya, wallahi lafiya lau, ko ƙofa ba a rufewa." Bai ce komai a kai ba, sai ya shiga ba ni labarin gonar Baba ta bakin daji, wadda muka yi noma a cikinta tun muna bin bayan garma. Bana ma ba su shuka ta ba. Waɗanda suka shuka a gefen sai da suka haɗa kuɗi suka kai wa mutanen daji kafin a bar su, kuma za a sake neman wani lokacin girbi. Ya ce shi ba zai biya ba, ba kuma zai tura yaransa ba. In na samu hali in ƙaro abin da nake aikowa, don gero da dawa duk a kasuwa za su saya.