Shafi ɗaya mai kauri ba ya isa

Da Sallah ta gabato, a unguwannin Nima da Mamobi da ke Akara, babban birnin Ghana, za ka ga masu gida suna yi wa ɗakunansu fenti da kansu. Da yawa sun ɗauka in rola ta sha fenti sosai aka danna ta a bango, shafi ɗaya ya wadatar. Ba haka ba ne.

Fentin ruwa daga sama yake fara bushewa. In ya yi kauri, sama ta kame, ciki na nan ɗanye, sai ya riƙa tsiyaya, gefen rolar kuma ya bar layi-layi da ba ka gani sai ka kunna fitila da dare. A Akara, ga laimar teku ga ruwan Mayu da Yuni, bushewar ma ta fi jinkiri. Bayan 'yan watanni ka sa farce, ya ɓare kamar ɓawon albasa.

Zuba fentin a tire, mirgina rolar har ta daina ɗiga, ka shafa ba dannawa. Jira awannin da aka rubuta jikin bokitin, sannan ka maimaita. In rolar na caɓal-caɓal a bango, ta sha da yawa.