Masu ƙera piyano, ku zo ku zauna da masu gyaranta

Ina so kamfanonin da ke ƙera piyano su riƙa shiga cikin masu gyara suna tattaunawa da su kai tsaye. Kuma injiniya za su turo, ko wanda ya shekara a masana'anta. Ɗan talla ba shi da abin faɗa a wannan zama.

Dalilina mai sauƙi ne. Kamfani yana rabuwa da piyano ranar da ta fita daga masana'anta, mai gyara kuwa shi zai yi ta buɗe cikinta shekara ashirin, talatin, wani lokaci har ta wuce hannun jikoki. Abu ne mai madannai 88 da tsirkiya kusan 230, jan da tsirkiyoyin nan ke yi gaba ɗaya ya kai tan 18 ko fiye, kuma yawancin jikinta katako ne da ulu da fata. Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Abin da aka gwada a ɗaki guda na masana'anta ba zai nuna maka yadda za ta kasance a gidaje dubu masu iska iri-iri ba. Wanda ke shiga gidajen nan shi ya sani.

A duba abin da ya faru da Steinway, kamfanin da aka kafa a New York a 1853, wanda duk mai kiɗa ke girmamawa. A 1962 suka fara sa Teflon, wata irin roba mai santsi, a gaɓoɓin da ke motsa 'yan gudumomin da ke bugun tsirkiyoyin piyano, maimakon ƙyallen ulu da aka saba. A tunani dabara ce mai kyau, domin Teflon ba ruwansa da danshi. To amma katakon da ke kewaye da shi yana da ruwa da danshi. Yanayi ya juya, gaɓa ta yi sako-sako tana ƙas-ƙas, ya sake juyawa, ta ɗaure ta yi nauyi a yatsa. Masu gyara ne suka yi ta fama da wannan a gaban masu piyano, sai farkon shekarun 1980 aka koma ƙyalle. Shekara kusan ashirin! Abin yana taɓa ni, domin mai gyaran da bai yi laifin komai ba shi ake kallo da idon zargi idan ƙarar ta dawo bayan ya tafi.

Su ma masu gyara suna da nasu. Lokacin da kamfanin Kawai na Japan ya fara amfani da roba mai suna ABS a wasu sassa, da yawa sun ƙi ta tun ba su gwada ba, saboda tsohuwar robar da wasu kamfanoni suka taɓa amfani da ita ta farfashe. Ta Kawai ta jure. Da akwai mai bayani a kusa, da tsoron bai daɗe haka ba.

Na san abin da wasu ke gudu: idan wakilin kamfani yana zaune, baki zai yi nauyi, musamman ga wanda cinsa da shansa ke hannun dillalin kamfanin. Wannan gaskiya ne, ban raina shi ba. Shi ya sa nake cewa wanda zai zo ya zo da awo da lambobi, ya faɗi irin gam da ulun da aka sa da shekarar da aka canza su. Idan mutum biyar daga wurare daban-daban suka ce wani sashe yana tsagewa, ya ce "mun ji, za mu duba", kuma bayan wata uku ya dawo da abin da aka gano.