Wai Hawan Dutse Ma Sai Kana da Irin Fuskarsa

Makon jiya, a wani shingen bincike tsakanin Bali da Serti, aka sauke ni daga mota saboda na goya jaka. Gandun dajin Gashaka-Gumti na nufa, da burin in hau Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419, can kan iyakarmu da Kamaru. Na daɗe ina tara kuɗin wannan tafiya. Tun daga Jalingo muke shan girgiza, ƙugu ya riƙe, sai ga wani mai kaki ya leƙo, ya tsallake kowa ya nuna ni da baki.

"Kai, mai jakar can. Sauko."

Na sauko, na gaishe shi da ladabi. Bai amsa ba. Ya sa na zazzage kayana a kan ƙura: tanti, tocila, rigar sanyi, garin kwaki, maganin sauro. Ya ɗaga tantin da yatsa biyu.

"Wannan fa?"

"Yallaɓai, na kwana ne. Dutse zan hau."

"Dutse? Me ka ajiye a can?"

"Ba komai, yallaɓai. Gani kawai zan yi."

Ya juya ya kira abokin aikinsa: "Zo ka ji, wai gani zai yi." Suka tuntsire da dariya. Sannan ya gyara tsayuwa ya ba ni darasi kyauta: wai Turawa ne ke hawan dutse, shi tun da yake aiki a hanyar nan bai taɓa ganin Bahaushe ya kashe kuɗinsa don ya wahala ba. Bahaushe da tocila da garin kwaki ya nufi daji, in ji shi, ko dai infoma ne ko mai kai wa ɓarayi saƙo.

Madalla da wannan zurfin bincike! Ashe masu garkuwa da mutane yanzu motar haya suke shiga, su biya kuɗin kujera, su riƙo katin ɗan ƙasa da lambar mai rakiya. Na miƙa masa katin, ya riƙe shi a juye, bai ko duba hoton ba. Na ce ga lambar mai rakiyar nan a kira, ya ce shi ba ya aiki da waya. Fasinjoji suka fara tsaki, ba shi suke yi wa ba, ni suke yi wa, ni da na ɓata musu lokaci. Wata dattijuwa ta ce, "Ɗana, ba shi na ruwa mana mu tafi." Direba ya matso ya raɗa min farashi. Ina miƙawa, nan take na tashi daga infoma na koma "Alhaji, a sauka lafiya."

Ba yau aka fara ba, kowa ya sani. Ka ɗauko kwamfuta ka zama ɗan damfara, ka tara gemu ka zama abin tuhuma, ka ɗauki hoton gada a ƙwace wayar. Mun saba har mun daina ba da labari.

Abin da ke ƙona min rai shi ne waɗanda ke hawa mumbari kullum suna cewa yawon buɗe ido zai maye gurbin man fetur. Da wace hanyar? Tun 1991 aka haɗe Gashaka da Gumti aka yi gandun ƙasa, ya ratsa Taraba da Adamawa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu na biyunsa a ƙasar nan. Akwai biran cimfanzi, akwai koguna da ke gangarawa su ciyar da Binuwai, akwai kufan sansanin Jamusawa kusa da ƙauyen Gashaka. Ruwanda tana karɓar dala 1,500 a hannun kowane baƙo don ya ga gwaggon biri na awa ɗaya. Mu kuwa kuɗin shigarmu a shinge ake karɓarsa, ba rasit, kuma ko sisi ba ya isa ga ma'aikatan da ke kwana a daji suna fama da mafarauta da masu saran katako.

Manyanmu da ke kashe miliyoyi su huta a Dubai, a tambaye su ina Serti take a ga ido. Hanyar nan ita ce dai ke hawa Mambila, inda tun ba a haifi yawancinmu ba ake mana alƙawarin madatsar lantarki, har yau ko ƙwan fitila ɗaya ba ta kunna ba. Su jirgi suke bi ta sama, su sauka su yanke kirtani, su ce a riƙa kishin ƙasa. Mu da muka fito da ƙafarmu mu ga ƙasar, mu ake zazzage wa kaya a bakin titi, 'yan'uwanmu fasinjoji kuma suna taya mai kaki lissafin abin da za mu biya.