Landan ta fi gida nisa, amma ta riga ni isa

Makon jiya wata abokiyar aikina a nan Perth, ƙasar Ostiraliya, ta sami waya cewa an kwantar da mahaifiyarta a asibiti a Landan. Da rana aka kira ta, da yamma tana filin jirgi, kafin gari ya waye a can ta sauka. Washegari ta turo mana hoto, tana riƙe da hannun tsohuwar. Na yi mata murna wallahi, amma abin ya tsaya mini a rai har yau.

Jirgin da ta hau, na kamfanin Qantas ne, wanda ya fara wannan hanya a watan Maris na 2018 da jirgi ƙirar Boeing 787. Kusan kilomita 14,500 ne, awa 17 a sama ba tare da ya sauka ko'ina ba. Na taɓa raka wani zuwa wurin tashinsa. Mutane na zaune a natse, wasu da matashin wuya a rataye, yara sanye da kayan barci tun daga ƙasa, kai ka ce unguwa za su. Dawowar ma takan fi sauri, domin iskar can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, sai ta riƙa tura jirgin. A 1947 tafiya daga Sydney zuwa Landan kwana huɗu take ci.

To ni fa? Na auna a taswira, daga Perth zuwa gida, can Afirka, bai kai nisan Landan ba, da ragin kusan kilomita 2,000. Amma bara da Baba ya kwanta ciwo, awa 11 na yi zuwa Doha, na kwana a kan kujera ina jira, na sake hawa wani jirgin, sannan na cikin gida, sannan mota. Sauran kun san shi, ba sai na faɗa ba. Kwana biyu cur.

Na san abin da za a ce. Perth cike take da 'yan asalin Ingila, kujerun jirginsu ba sa zama fanko, mu kuwa nawa muke a nan? Gaskiya ne, kuma ban ce a ba ni jirgi daga ƙofar ɗakina ba. Abin da ke cina shi ne rabin tafiyar da ke cikin nahiyarmu. Tun 1999 ƙasashen Afirka suka amince da matsayar Yamoussoukro ta buɗe wa juna sararin samaniya. A Janairun 2018, wata biyu kacal kafin jirgin Landan ɗin nan ya fara tashi, aka ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai-ɗaya a Addis Ababa. Har yanzu akwai biranenmu da sai mutum ya fita nahiyar ya dawo kafin ya isa maƙwabci. Wannan ba laifin teku ba ne.

Baba ya samu sauƙi, alhamdulillahi. Da na shiga ya dube ni ya ce, "Sai yanzu?" Da murmushi ya faɗa, amma ban iya amsawa ba.

Inna ta tsufa. Duk sa'ad da waya ta yi ƙara da tsakar dare, kafin in ɗauka na riga na fara ƙirga awoyi.